Ruwan Farko a Injamena da Albasar da Ke Riga Kowa Fitowa

A wannan wata muna so mu zaga da ku cikin garinmu Injamena, mu duba wani abu da yawancinmu ke takawa da ƙafa kowace shekara ba tare da mun tsaya mun kalle shi ba, watau tsire-tsiren nan masu kai irin na albasa waɗanda kan ɓullo daga ƙasa da zarar an yi ruwan farko, tun damina ba ta zauna ba. Abin a ido ƙarami ne, amma kuwa ya shafi irin shukarmu, da dabbobinmu, da lafiyar 'ya'yanmu, har ma da harshen da iyayenmu suka bar mana.

Duk wanda ya taɓa yin bazara a garin nan ya san abin da ake kira zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da rana, langa-langa ta zama kamar tanda, mutane su fito da tabarmi tsakar gida da dare, randa kuwa ita ce abokiyar kowa. Maƙwabtanmu masu Larabcin Chadi suna kiran wannan lokaci sef. Bayansa sai rushash, watau lokacin yayyafin farko, sa'an nan kharif da muke kira damina, sai darat da muke kira kaka, daga nan sai shita, lokacin sanyi. Maganarmu ta yau a kan rushash take, domin shi ne lokacin da ya fi ruɗin manomi.

Yakan faru ne kamar haka. Wata rana da la'asar, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso da jar ƙura ta rufe Digel da Dambe, 'yan kasuwa su yi ta kiciniyar rufe kaya, sa'an nan ruwa ya sauko na rabin sa'a ko sa'a guda. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara su fito wanka a bakin indararo, kowa ya yi barci mai daɗi a wannan dare. Masu Faransanci suna kiran irin wannan ruwa ruwan mangwaro, saboda yakan zo daidai da nunar mangwaro. Kashegari sai rana ta fito kamar ba a yi komai ba, kuma ana iya yin mako biyu ko uku, wani lokaci har fiye, ba a sake ganin ko ɗigo ba.

To, cikin 'yan kwanakin nan da ke bin ruwan farko ne abin mamakin ke faruwa. Je ka bayan gari, ta hanyar Gawi ko ta hanyar Kundul, ko ka duba gindin katangar tsofaffin gidaje masu fili, ko gefen maƙabarta inda ba a noma. A ƙasar da jiya take fari fat, babu ko tsinke, sai ka ga wani kore ya tsago ta. Wani ma furen ne ke fara fitowa kafin ganye.

Sunayen da kakanninmu suka raɗa musu

Na farko da ya kamata mu sani shi ne hatsin manoma. Yana son jigawa, irin ƙasar da ake kira goz a nan. Furensa fari ne tas, mai siraran fiffike kamar ƙafafun gizo-gizo, yana buɗewa da magariba da ƙanshi mai ƙarfi, kafin hantsin gobe ya yanƙwane. Wani babban malam-buɗe-littafi na dare, mai dogon baki, shi ke shan ruwan furen yana kai masa garin haihuwa daga wannan fure zuwa wancan. Masana tsirrai suna kiransa Pancratium, kuma ana samunsa a duk faɗin Sahel, daga Sanagal har Sudan.

Na biyu ita ce albasar kwaɗi, wadda masana ke kira Crinum. Ita laka take so, da fadama, da wuraren da ruwa ke kwanciya da damina, inda kwaɗi ke taruwa. Furenta babba ne, fari mai jan zane a tsakiyar kowane fiffike, a kan kauri guda mai tsawo. Akwai kuma albasar kura, mai ƙaton kai a ƙasa, wadda kan fito da dogon zangarniya mai ƙananan furanni. Idan damina ta ɗan yi nisa sai rumana ta biyo baya, da gatarin kurege mai fure ja da rawaya wanda ke hawan ciyayi da bakin ganyensa. Waɗannan biyun na ƙarshe sun fi yawa in ka yi kudu, wajen Bongor da Mundu da Sar, inda ruwa ya fi sauka.

Waɗannan sunaye ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga su littafi a 1916, kuma duk waɗannan da muka ambata suna ciki. Daga bakin manoma da maharba da masu magani ya ji su. Watau tun fiye da shekara ɗari da suka wuce Bahaushe ya san kowace albasar jeji da sunanta da halinta.

Me ya sa su ke riga kowa fitowa? Amsar tana cikin kan nan da ke binne. Kan albasa rumbu ne. A daminar bara ganye ya tara abinci da ruwa ya adana a cikin ɓawo bisa ɓawo, sa'an nan ganyen ya bushe, kan ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa wata bakwai ko takwas yana jira. A wasunsu ma furen bana ya riga ya ƙullu a ciki tun bara. Saboda haka ɗan danshi kaɗan ya ishe shi ya farka, ya yi fure, ya zuba 'ya'ya tun ciyawa ba ta taso ta rufe shi ba. In kuma ruwan ya ɗauke, asararsa kaɗan ce. Ganye ya ƙone, kan yana nan da sauran guzurinsa, ya sake tohowa in ruwa ya dawo.

Ƙwayar gero ba ta da wannan gata. Guzurinta ɗan mitsitsi ne, na 'yan kwanaki. In ta sha ruwa ta tsira, ba ta da hanyar komawa barci. Ko dai saiwarta ta sami danshi a ƙasa, ko ta mutu. Wannan shi ne bambancin da ya kamata duk mai gona ya riƙe: fitowar hatsin manoma alama ce damina ta kusa, amma ba ta nufin ruwan shuka ya sauka. Tsofaffi sun ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Alama daban, ruwa daban.

Daga Farsha zuwa Shagwa

Wanda ke son ganin albasar gida kuwa, sai ya bi bakin kogin Shari. A wannan lokaci na shekara kogin ya janye ƙwarai, tsibiran yashi sun fito a tsakiyarsa, masu wanki sun shanya tufafi, masu ɗiban yashi suna loda wa motoci, kwalekwale na kai da kawo. Daga Milezi da Farsha a yamma, har Sabangali da Shagwa a gabas, duk inda gaɓa ta ba da fili za ka ga fangali-fangali na lambu: latas, da yakuwa, da kuɓewa, da alayyafo, da tumatir, da lawashi. Da can da gwangwani da bokiti ake ban ruwa, yanzu injin ya yi yawa. Masu lambu a nan suna da wani maƙwabci da abokan sana'arsu na Kano ba su da shi, watau dorina, wadda kan fito daga kogi da dare ta yi kiwo a gaɓa, lambu ma ba ta ƙyale shi ba.

Albasar gida 'yar sanyi ce. Ana yafa irinta bayan damina ta ɗauke, a dasa ta cikin hunturu, a cire ta daga Fabrairu zuwa Afrilu. Saboda haka lokacin da 'yar'uwarta ta jeji ke farkawa, ita tana cikin buhu a kasuwa. Ruwan farkon nan da ke raya waccan, shi ne ke ruɓar da wannan in ya same ta a fili. Mai albasa da ya ga hadari ba murna yake yi ba, tampol yake nema. Dama an ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Mafi yawan albasar da muke ci a Injamena ba ma a bakin Shari ake noma ta ba. Daga ƙasar Wadai take zuwa, wajen Abeshe, inda ake noma ta tare da tafarnuwa a bakin kwazazzabai, sai kuma Bindar a Mayo-Kebbi. 'Yan'uwanmu na Nijar suna alfahari da jar albasar Galmi, na Nijeriya kuma da ta Aliero a jihar Kebbi. A ko'ina cikin wuraren nan labarin ɗaya ne: da kakar albasa buhu ya faɗi warwas, da damina kuma ya yi tsada, kuma ribar tana hannun wanda ya iya adana ta a rumfa mai shan iska, nesa da danshi. Wanda ke son iri kuwa sai ya zaɓi kawuna masu kyau ya ajiye, ya sake binne su da sanyi, su yi zangarniya su ba da baƙin iri. Albasa shekara biyu take rayuwa, ta farko ta tara, ta biyu ta haifa.

In ka tsaya a gaɓar nan ka dubi yamma, ga Kusuri can a ƙetare, ƙasar Kamaru, inda Logon ke zubawa cikin Shari. A wajen ne aka yi yaƙin 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe da kwamandan Faransa Lami duk suka mutu a rana ɗaya. A wannan shekara Faransawa suka kafa gari a wannan gaɓa suka sa masa suna Fort-Lamy, sunan da ya riƙe har 1973 da shugaba Tombalbaye ya mai da shi Injamena. Kakanninmu da yawa ta wannan mashigi suka ƙetaro, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, ta Barno, da niyyar aikin hajji a ƙasa. Hanyar ta bi ta Ati da Abeshe, ta shiga Darfur, har bakin Bahar Maliya. Tafiyar shekaru ce. Mutum ya tsaya ya yi noma damina ɗaya, ko ya yi fawa, ko dukanci, ko wanzanci, ko koyar da allo, ya sami guzuri ya ƙara gaba. Wasu sun isa, wasu sun dawo, wasu kuma zangon ya zame musu gida, mu ne jikokinsu. Wani Ba'amurke mai suna John Works ya rubuta littafi a kan Hausawan Chadi a 1976.

Mutanen nan da suka yi noma a ƙasashen da ba su sani ba, da me suka gane lokacin shuka? Da irin waɗannan alamu: tohon itatuwa, da zuwan shamuwa, da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, da fitowar albasar jeji. Amma ba su taɓa dogara da alama ɗaya ba. Sai sun tona ƙasa da hannu sun ga iyakar inda danshi ya kai.

Ƙetaren gada

Daga Shagwa in ka hau gada ka ƙetare Shari, ka shiga Waliya, ƙasar da ke tsakanin koguna biyu, hanyar da ke kai mutum Ngeli da gadar Kusuri, ko kuma Tukra da Kundul. Nan ƙasar laka ce, baƙa, mai tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Asalinta makwancin ruwa ce, irin wurin da albasar kwaɗi ke so, kuma irin wurin da ake dasa masakwa, dawar rani da ake kira berbere, bayan ruwa ya janye. Yau gidaje sun cinye mafi yawanta. Ƙidayar 1993 ta sami mutum wajen dubu 530 a Injamena, ta 2009 ta sami kusan miliyan ɗaya, yanzu kuwa an wuce haka nesa. Mutane suna bukatar wurin kwana, fili kuma ya fi araha a inda ruwa ke kwanciya.

Mazauna wannan yanki sun ɗanɗana kuɗarsu a 2022, da kuma 2024, lokacin da kogin ya haura mita 8 ya shiga unguwanni, dubban iyalai suka koma tantuna. Abin lura shi ne, cikar kogi ba ta zuwa tare da ruwan sama na garin nan. Ruwan Shari daga Afirka ta Tsakiya yake tasowa, na Logon kuma daga tsaunukan Adamawa, sai ya yi makonni a hanya, ya iso mana a Oktoba da Nuwamba bayan damina ta ɗauke. Shi ne kuma ke ba Tafkin Chadi kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke kai masa. Saboda haka ga wata shawara da ba ta bukatar ko dala: wanda zai sayi fili a bayan gari, ya je ya duba shi bayan ruwan farko. In ya ga albasar kwaɗi ta yi dandazo a wurin, ƙasa kuma baƙa mai tsaga, to ya san ruwa ya saba kwana a nan, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ba mu kaɗai ke da wannan ruɗi ba

'Ya'yanmu da ke karatu a Faransa sukan ba da labarin irin wannan abu, sai dai nasu a juye yake. A can sanyi ne ke kwantar da tsirrai, ɗumi ya tashe su. In aka sami 'yan kwanaki na ɗumi a Fabrairu ko Maris, sai furanni masu kai irin na albasa, kamar tulif ɗin da ƙasar Holan ta yi suna da shi, su ɓullo a lambuna, itatuwa su yi toho. Daga baya sanyi ya dawo. Masu kai a ƙasa sukan jure, amma tohon itatuwa ya ƙone. Haka ta faru a Afrilun 2021, lokacin da jaura ta biyo bayan ɗumin ƙarshen Maris ta yi wa gonakin inabi da na 'ya'yan itace mummunar ɓarna a Faransa. Su ɗumin ƙarya ke cutarsu, mu kuma ruwan ƙarya.

Masana yanayi sun yi ƙoƙarin sa wa abin ma'auni. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, da ke aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Nijar, ya fitar da ƙa'idar da har yanzu ake amfani da ita a Sahel. Ƙa'idar ita ce, daga 1 ga Mayu, ana lissafin damina ta fara ne in an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo. Sharaɗi na biyun nan sai daga baya ake tabbatar da shi, shi ya sa ake bukatar hasashen ma'aikatar yanayi da ake karantawa a rediyo. A Injamena ruwan shekara duka bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma fiye da rabinsa a Yuli da Agusta yake sauka. Ruwan Afrilu da na farkon Mayu kyauta ce kawai, ba a gina shuka a kansa.

Mun san dalilin da ke sa mutum gaggawa. Wanda ya yi shuka da wuri ya dace, shi ke fara cin tumu, gonarsa ta riga ciyawa, ya fita yunwar tsakiyar damina kafin maƙwabta. Wasu ma binne suke yi, su zuba iri a busasshiyar ƙasa su jira. Binne dabara ce mai kyau in ruwan da ya fara sauka mai yawa ne, amma yayyafi kaɗan yakan tsirar da irin ya bar shi ya ƙone. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ake nufi da mutum ya yi shuka sau uku, rumbu ya ƙare, ya koma Kasuwar Gero yana awon iri da koro a lokacin da hatsi ya fi tsada. Shawarar da dattawa ke bayarwa ita ce a raba iri. A jefa kaɗan a jigawa in zuciya ta ƙi haƙuri, a riƙe mafi yawa sai ƙasa ta sha sosai, danshin sama ya haɗu da na ƙasa. Sauri ya haifi nawa.

Gargaɗi ga iyaye da masu kiwo

Akwai wata magana da ba za mu rufe ba sai mun faɗe ta. Albasar jeji ba ta miya ba ce. Albasar kwaɗi da albasar kura da gatarin kurege duk suna da dafi, musamman a kai da saiwa, kuma na gatarin kurege yana kisa. Haɗarin ya fi yawa a wannan lokaci, domin su ne kaɗai kore a fili. Tumaki da awaki da suka yi wata da watanni suna cin kara da takarda ba sa tsayawa zaɓe, yara kuma in suka tono kai sai su ɗauka albasa ce ta wasan girki. A ja wa yara kunne, a kuma lura da inda ake sakin dabbobi a makon farko bayan ruwa. Mun san kuma a gidaje da yawa ana dasa gadali a tukunya ko a bayan ɗaki, kowa da abin da ya gada game da shi. Ba mu shiga wannan ba, amma gadali ma dangin waɗannan ne, kada a jiƙa a ba yaro ko mai ciki. In tsautsayi ya sa wani ya ci, a garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci domin likita ya gani.

Daga ƙarshe, muna roƙon iyaye da malaman allo wata alfarma. 'Ya'yanmu a garin nan suna tashi da Larabci a titi, Faransanci a lakwal, Hausa kuwa sai a tsakar gida, ita ma tana raguwa. Yaron da bai taɓa ganin hatsin manoma ba, ba zai riƙe sunansa ba, kuma filayen da yake fitowa suna ƙarewa a ƙarƙashin bulo da siminti. In an yi ruwan farko bana, a ɗauki yara da yamma a fita da su bayan gari, a nuna musu, a faɗa musu sunan kowane da Hausa, a tambayi maƙwabci sunansa da Larabci ko Barbarci ko Kotoko. Wanda ke da fili a gida ya bar ɗan lungu ɗaya ba siminti. Masu karatu na Abeshe da Mundu da Sar da Bongor kuma, muna jiran wasiƙunku, ku gaya mana sunayen da kuke kiran waɗannan tsirrai a wajenku da watan da suke fitowa, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga fari da ambaliya, amin.